Ƙyallen Kawu a Wutsiyar Igiya

Duk wata rigima da 'yan Adam suka taɓa yi tun da aka shimfiɗa duniya, in ka zuba ta a rariya ka tace, abin da zai saura tambaya ɗaya ce: wa zai fara? Na shekara talatin ina koyar da tarihi a makarantun Gusau. Na bi da ɗalibai ta kan dauloli da yaƙe-yaƙe da sarakunan da suka kori 'yan'uwansu saboda karaga, ban ga inda aka warware tambayar nan aka huta ba sai wuri guda. Wurin kuwa zauren Kawuna ne a Furfuri, inda wata igiyar rama take rataye tsakanin ƙusa biyu, da ƙyallaye iri-iri ɗaure a jikinta.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya rasu a ƙarshen bazarar bana bayan jinyar da ba ta kai sati biyu ba, aka kai shi makwancinsa a Furfuri. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

A zaman makoki ne na gane cewa mutum ɗaya muka binne, amma kowa da irin wanda ya zo yi wa ta'aziyya. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun zo daga Gusau a mota guda, duk sun yi furfura, wasu da sanda. Su wanda suka rasa Kwamared ne, abokin gwagwarmaya. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe bayan an shafa fatiha, ya dunƙule hannu zai fara jawabi, sai da Liman ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya tuna cewa a kan tabarmar makoki yake. Matan Tsafe masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka wuce cikin gida wurin Inna, matar Kawu, shugabarsu tana kukan da ya fi na dangi ƙarfi. Ta ce kafin ya haɗa su, kowace ita kaɗai take zuwa kasuwa a taya mata yadda aka ga dama, shi ya koya musu su tafi da baki ɗaya. Manoman Rawayya suka zo a kan babura. Ardo, shugaban makiyayan da ke rugar bayan gari, ya zauna a gefen tabarma da sandarsa a kan cinya, kwana uku yana amsa amin. Kusan duk wanda ya buɗe baki kuma sai ya tuna mana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, har na fara tausayin jinkar.

Mutanen Furfuri su ne ba su cika magana ba. Na lura da su. Mutum zai shigo zauren, ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan kafin ya tashi sai idonsa ya ɗan haura bango inda igiyar take. Daga nan in ya fita sai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ba rashin tausayi ba ne. Manomi ne, damina ta ƙaraso, kuma mai riƙe da igiyar ya tafi.

Sai na koma baya kafin a gane abin da suke kallo.

Kawu bai tashi manomi ba. Tun yana saurayi ya bar gida ya shiga masaƙa a Gusau, kuma kafin ya iya sarrafa injin da aka ba shi ya iya tsayawa gaban manaja. A ƙungiyar ƙwadago ya yi karatunsa na gaske. Can ya koyi cewa ba a magana a taro sai an ɗaga hannu, ba a yanke shawara sai an tambayi wa ya goyi baya, kuma duk wanda ya saurare ka minti biyar ya zama Kwamared. Liman ma bai tsira ba. Sau biyu aka kore shi daga aiki saboda yajin aiki, sau biyu abokansa suka tsaya har aka mayar da shi. A karo na uku ba shi kaɗai aka kora ba: masaƙar ce gaba ɗaya ta rufe. Ya dawo Furfuri da keke, da rediyo, da usur na kiran taro, da shuɗin kakinsa na aiki, da buhu guda na yankakkun ƙyallaye da ba wanda ya san abin da zai yi da su, har shi.

Daminar farko ya ga yadda ake yi. Masu shanun huɗa a garin ba su da yawa. Su fara gyara nasu gonakin, sannan na surukai, sannan na wanda ake jin kunyarsa. Talaka da matar da mijinta ya mutu sai ƙasa ta fara bushewa ake waiwayarsu, in an waiwaye su. Kawu ya busa usur, ya tara mutane a gindin tsamiya, ya yi musu bayanin zalunci na kusan awa guda, ya rufe da cewa maganin abin yajin aiki ne. Wani dattijo ya ɗaga hannu, don an riga an koya masa, ya ce:

"Kwamared, wa za mu yi ma yajin? In munka ƙi hita gona, damina na jiran mu?"

Kawu da bakinsa yake ba da labarin nan, yana dariya har da hawaye. Ya ce ranar ce ya gane cewa a masaƙa akwai ofishin da za ka je ka yi wa ihu, a gona kuwa manajan yana sama, kuma ba ya karɓar wakilai.

Bai yi zuciya ba. Ya hau kekensa ya nufi ruga. Abin da suka ƙulla da Ardo ba sabon abu ba ne, tsohuwar al'ada ce da aka bari ta yi tsatsa. Ardo zai ba da bijimai biyu a hore su da garma, shi zai riƙa kiwonsu da rani. Manoma kuma za su bar masa kara da harawa bayan girbi, shanunsa su kwana a gonakin su bar taki, kuma ba mai shuka a kan burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Wani maƙeri a Tsafe ya ƙera garma. Haka ƙungiyar gama kai ta Kawu ta tsaya da ƙafafu takwas, ba ko ɗaya tata.

Saura tambayar da na fara da ita. Shanu biyu, gidaje sama da ashirin, kowane gida safiya guda. Wanda aka yi wa huɗa a satin farko ya shuka a kan lokaci, wanda ya zo ƙarshe ya makara da kusan sati uku, kuma sati uku a damina ba wasa ba ne. Kawu ya rubuta jerin sunaye a takarda ya manna. Washegari aka zo ana cewa wanda ya iya karatu ne kaɗai ya san ko an yi gaskiya. Ardo ne ya ce su makiyaya in suna son tuna abu igiya suke ƙullawa. Nan buhun ƙyallayen ya sami aiki. Kowane gida ya zaɓi ƙyallensa, aka ɗaura a jikin igiya, makaho ma in ya shafa zai san na wa ke bin na wa. Ardo yana ɗan noma gero da dawa a gefen ruga, shi ma aka ɗaura nasa, fari.

Dokar igiya uku ce, kuma yaran garin sun fi haddace ta fiye da yadda ɗalibaina suka taɓa haddace mini wani abu. Kan igiya na matan da mazansu suka rasu ne, wadda ta riga shiga takaba ita ce gaba. Tsakiya ta kowa ce, kuma tana juyawa: wanda ya fara bana ya koma baya baɗi. Wutsiya ta shugaba ce, ba ta motsi. Kawu ya yage hannun shuɗin kakinsa ya ɗaura a can ƙarshe. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce ya ga shugabannin ƙwadago da yawa da suka fara da ihu suka ƙare da tumbi, kuma bai yarda da kansa ba fiye da yadda ya yarda da su. In gonar shugaba ce ta ƙarshe, shugaba ba zai bari shanu su yi lalaci a gonar kowa ba.

Wanda ya fara cin karo da dokar nan yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Kawu Babba. Shekarar farko ƙyallensa ya faɗo na goma sha bakwai. Ya zo zauren da yamma, ya ƙi zama.

"Ni da nag goye ka, ni za ka sa bayan ɗiyan cikina? Mi mutane za su ce?"

Kawu ya ce, "Yaya, igiya ba ta san wanda yar riga wani haihuwa ba. In na matsa da kai yau, gobe mai unguwa na nan tahe."

Kawu Babba ya kwance ƙyallensa da hannunsa, ya sa a aljihu, ya fita. Damina uku ba ya cikin ƙungiya. Suna gaisawa a masallaci, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Mahaifiyata ta yi ta zirga-zirga tsakanin gidajen biyu har ta gaji ta bar su da Allah. A damina ta huɗu ciwon baya ya kwantar da Kawu Babba, 'ya'yansa kuma suna Gusau wurin neman abinci. Kawu ya kira taro, ya kawo ƙuduri cewa marar lafiyar da ba shi da mai riƙe masa garma a bi da shi bayan matan takaba. Aka ɗaga hannu, aka amince. Da safe Kawu Babba ya ji ƙarar shanu a gonarsa. Bai yi godiya ba. Bayan sati biyu dai aka wayi gari ƙyallensa ya koma jikin igiya, a tsakiya, daidai inda juyi ya kawo shi, kuma ba wanda ya ga lokacin da aka ɗaura.

Kada a ɗauka waliyyi nake ba da labari. Kawu yana da taurin kai irin na wanda ya saba yana da gaskiya, kuma ya kai taro har inda taro ba shi da hurumi. Inna ta ce ya taɓa sa a ɗaga hannu a gidansa kan miyar kuka da ta kuɓewa, ya sha kaye, ya ci kuɓewar yana cewa ra'ayin masu rinjaye ne. Yana iya barin gonarsa da ciyawa ya tafi Rawayya sasanta wata ƙungiya, ko Tsafe raka mata wurin mai injin matsar gyaɗa. Wutsiyar igiya kuma shi ya zaɓe ta, amma ba shi kaɗai yake cin sakamakonta ba. Inna ce take auna hatsin da ya rage in rani ya yi nisa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi a gaban mutane ba. Abin da takan ce kawai shi ne, ita ma da an tambaye ta da ta ɗaga hannu.

Shekarun da daji ya lalace su ne suka gwada igiyar. Aka daina zuwa gonakin nesa, aka fara kallon duk mai sanda da rawani da wani ido. Ardo kansa ɓarayi sun kore masa fiye da rabin garkensa, amma hakan bai hana wasu a gari cewa a karɓe bijiman huɗar daga hannunsa ba. Wata safiya aka tarar an yanke farin ƙyallen da wuƙa. Kawu bai tambayi wanda ya yi ba. Ya hau keke da rana tsaka, kowa na gani, ya je ruga ya sha fura, ya dawo da wani farin ƙyalle daga rawanin Ardo, ya ɗaura a inda na farko yake. Ya ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu ya faɗi dalilinsa. Ba hannun da ya tashi. Ranin nan Ardo ya ce ruga ba ta da tsaro, ya koro bijiman a ƙasa har Tudun Wada, unguwarmu a Gusau, ya ɗaure mini su a tsakar gida, don Kawu ya gaya masa wai ina da fili. Wata huɗu suna nan. Suka cinye zogalen maiɗakina har saiwa, maƙwabta suka riƙa tambaya ko fansho ne ya fito. Da hadari ya taso Ardo ya zo ya kora su, kuma a shekarar ba gidan da bai sami safiyarsa ba.

To, wannan igiyar mutanen Furfuri suke kallo a zaman makoki.

Kwana ɗaya bayan sadakar bakwai aka yi ruwa mai ƙarfi. Da hantsi aka taru a ƙofar zauren, aka fito da igiyar aka ɗaura tsakanin tsamiya da ginshiƙin rumfa. Ba mai usur, don haka aka daɗe ana gaisawa. Can wani Alhaji mai shago, mutumin kirki a yawancin kwanaki, ya ce yana da shawara. Ya ce bawan Allahn nan ya shekara ashirin da 'yan kai a wutsiya, bai kamata a bar shi can ba bayan ransa. A kwance shuɗin ƙyallen a kai shi kan igiya, gobe da asuba shanu su fara da gonarsa, don girmamawa.

Aka ce madalla daga ko'ina. Ni ma sai da na ji ƙwalla. Sai daga baya lissafin malamin tarihi ya dawo mini. A kan igiyar akwai ƙyallaye uku na mata uku, kowace za ta matsa baya da kwana guda, kuma ta farkonsu gonarta jigawa ce da ba ta riƙe laima. Wannan ma ƙarami ne. Babban shi ne, ranar da girma ya matsar da ƙyalle ɗaya, an buɗe ƙofa. Baɗi akwai mai unguwa, akwai Liman, akwai shi kansa Alhajin, kowa da girmansa. Da irin wannan madalla aka rushe abubuwan da suka fi igiyar rama ƙarfi. Amma ni baƙo ne daga Gusau, ba ni da ƙyalle, ba ni da hannun ɗagawa.

Inna tana takaba, ba ta fita, amma bangon zaure bai hana ta ji ba. Ta aiko a kira ni. Na same ta a bayan ƙofa tana yage gefen wani tsohon zane. Ta miƙo mini ƙyallen ta ce:

"Kai masu wanga. Ka ce mata ukku sunka riga ni, ni ta huɗu ce. Shuɗin kuma a kwance a kawo man abina. Wutsiya ta mai rai ce."

Na fita na faɗa kamar yadda ta faɗa. Ardo ne ya tashi ya karɓi ƙyallen zanen, ya ƙirga uku daga kan igiya, ya ɗaura. Sannan ya bi igiyar har ƙarshe, ya kwance shuɗin, ya daɗe yana warware ƙullin don shekaru sun cinye shi, ya ba ni.

Wutsiya ta zama fayau. Sai a lokacin kowa ya tuna abin da take nufi: ana neman shugaba, kuma ladan shugabancin shi ne gonarka ta zo ƙarshe har ka mutu. Na halarci zaɓuɓɓuka da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wanda 'yan takara suka yi ta duban ƙasa kamar sun yar da allura ba sai wannan. Alhaji mai shago ya tuna yana da baƙi. Wani ya ce Liman ya fi cancanta, Liman ya ce shi aikinsa addu'a.

Kawu Babba yana zaune a kan kujerar da aka fito masa da ita saboda bayansa. Ya haura tamanin. Ya ɗaga hannu, ya riƙe shi a sama har sai da aka yi shiru, ko da yake ba mai ba shi izini. Ya sa aka tashe shi, ya taka zuwa tsakiyar igiya, ya kwance ƙyallensa, wanda bana juyi ya kawo shi kusa da gaba. Ya ja ƙafa har wutsiya ya ɗaura.

"Ya sa ni na sha bakwai ina da ƙarhina," ya ce. "Bari in ga ƙarshen da yaz zauna, ko da daɗi." Ya juyo ya dubi mutane. "Wa yag goyi baya?"

Hannuwa suka tashi. Na Ardo ma, da sandar a ciki.

Washegari shanu suka fara da gonar jigawa. Rana ta huɗu suka shiga gonar Kawu, ƙasa da laimarta, aka ja kunyoyi miƙaƙƙu, aka shuka masara da dawa a kan lokaci. Kawu Babba ya riƙa sa a kai shi bakin kowace gona a kan babur, yana zaune yana faɗa da masu riƙe garma cewa suna ɓata masa lokaci, don sai sun gama da kowa za su zo tasa. An ce shanun ba su taɓa gama zagaye da wuri kamar bana ba. Matan Tsafe sun aiko a ba su tsawon igiya da dokokinta, wai za su gwada a layin injin matsa. Na rubuta musu a takarda, na kuma gaya musu takardar ba ita ce abin ba.

Na koma Furfuri bayan girbi, Inna ta fita takaba. Shuɗin ƙyallen yana ɗaure a hannun rediyonsa. Na zauna na yi mata dogon bayani kan irin gurbin da ya bari, da yadda samun irinsa zai yi wuya, da sauran abin da malami yakan faɗa in ya sami mai saurare. Ta bari na gama. Ta ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Sannan ta ce in leƙa bayan ɗaki kafin in tafi, in ɗebi abin da zan kai wa yara.

Bana ne karo na farko da rumbun Kawu ya cika.